Kafin ka sayi rauta, tambayi yadda za ka shiga saitinta daga nesa

Yawancin masu sayen rauta, wato na'urar da ke raba wifi a gida, abin da suke dubawa yawan eriya ne da ƙarfin sigina, shikenan. Ba mai tambayar in ina waje ya zan shiga saitin, ko in na manta faswod fa, sai ranar da ta ɓaci, kana can a hanya a kira ka daga gida ace wani ya samu faswod yana ta zuƙe data kai kuma ba yadda za ka yi. Ni dai a gani na wannan shi ya kamata ya raba maka gardama tsakanin wannan rautar da waccan.

Abu na farko, faswod biyu ne ba ɗaya ba. Akwai na wifi da kake ba baƙi, akwai na admin wanda da shi ake shiga ciki a canza saiti. Mutane da yawa na wifi suke ta bugawa a shafin admin suna cewa rautar ta lalace. Juya ta ka duba sitikar ƙasa, anan ake rubuta adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, Huawei masu sim kuma 192.168.8.1, MikroTik 192.168.88.1. To amma adireshin nan a cikin gida kawai yake aiki, in ka fita ko ka koma kan datar waya ba zai taɓa buɗewa ba, kuma ba laifin rautar bane.

Kafin ka cire ko sisi, duba wane irin IP, wato adireshin da ake gane layinka da shi a intanet, kamfanin intanet ɗinka yake baka. Shiga rautar da kake da ita yanzu ka nemi inda aka rubuta WAN IP. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan abin da ake kira CGNAT ne, wato ku da yawa kuke raba adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya da lamba ɗaya, saƙo ya iso bakin ƙofa ba a san ɗakin wa za a kai ba. Layukan 4G da 5G yawanci haka suke. In haka ne, duk wani DDNS da buɗe port, wato dabarun buɗe hanyar shiga rautar daga waje, da za ka yi wahalar banza ce, ko rautar ta kai tsadar me.

Zaɓi na farko kuma mafi sauƙi shi ne ka zauna da rautar da kamfanin intanet ya baka. Ba ka ƙara kashe komai ba, amma gaskiya ta fannin shiga daga nesa yawancinsu ba su da abin kirki, wasu ma an kulle rabin saitin. In abin da kake so kawai ka canza faswod lokaci-lokaci kana zaune a falo, ta ishe ka.

Na biyu su ne masu manhaja da akawun, irin TP-Link da Tether ko Deco, Google Nest Wifi da Google Home, eero na Amazon. Waɗannan rautar ce da kanta take fita ta haɗu da sabar kamfanin, kai kuma wayarka ta same ta acan, shi yasa CGNAT baya hana su aiki. Kana ko ina za ka ga waye a kan layin, ka toshe shi, ka canza faswod ɗin wifi. In ka manta faswod ɗin akawun kuma ta imel za a dawo maka da shi ba sai ka goge komai ba, wannan kaɗai ba ƙaramin sauƙi bane. Sai dai ka haɗa rautar da akawun ɗin tun kana gida, in ba ka yi ba ka tafi, to sai ka dawo. Matsalarsu kuwa, wuyanka na hannun kamfani. Nest Wifi da eero ba su da shafin burauza kwata-kwata, manhaja ce kawai, kuma a farkon 2023 Google ta daina tallafa wa rautocinta na OnHub, wifi na aiki amma masu su ba sa iya canza saiti ta manhajar. Don haka kar ka sayi tsohon samfuri don ya yi araha, duba ko har yanzu ana fitar masa da sabon firmware, wato manhajar da ke tafiyar da rautar.

Na uku na masu son haɗa abu da hannunsu ne, rauta mai VPN a ciki, wato ɓoyayyiyar hanya mai tsaro daga wayarka zuwa gida, irin ASUS, MikroTik ko GL.iNet. Ka kunna WireGuard ko OpenVPN, nau'ikan VPN ne, wayarka ta shigo gida kamar kana ɗaki, sai ka buɗe adireshin nan na cikin gida yadda ka saba. Ta tsaro babu kamar wannan kuma ni ita na fi yarda da ita, amma tana son IP naka na kanka, in ba ka da shi sai ka bi ta wata manhajar VPN kamar Tailscale wadda take iya ratsa CGNAT. MikroTik dai ba ta sabon shiga bace, saitinta da yawa, ASUS ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da nake roƙonku dan Allah ku guje masa shi ne kunna remote management, wato saitin shiga daga nesa, haka kawai, shafin admin ya zama a buɗe ga duk duniya. Akwai shirye-shiryen kwamfuta da ba su da aiki sai yawo a intanet suna gwada admin admin dare da rana. Haka wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi a 2016, da ɗan jerin faswod ɗin kamfani ta kame dubun dubatar kyamarori da rautoci, har aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Birtaniya ma a 2024 ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da faswod na kowa da kowa. Rautar da ta tilasta maka ƙirƙirar sabon faswod ranar farko, ƙara mata maki.

Sai maganar risat, wato mayar da rautar yadda ta fito daga kamfani. In faswod ɗin admin ya ɓace kuma ba akawun, ba wata dabara sai ka sa tsinke a ɗan ramin bayan nan ka danne kamar daƙiƙa goma, komai ya goge har sunan wifi. In layinka na PPPoE ne, wato irin wanda ake haɗawa da suna da faswod, sai ka sake sa waɗanda kamfanin intanet ya baka, in ba ka ajiye su ba intanet ba zai dawo ba sai ka kira su. Shi yasa ka duba ko rautar tana bari a sauke kwafin saiti a ajiye. TP-Link masu shafin burauza da ASUS da MikroTik duk suna yi, da ka gama saita ta ka sauke fayil ɗin ka ajiye a wani wuri ba cikin waya ɗaya kawai ba.