Katin Wata Na Shagon Hajiya: Busasshe Ya Yi, Ɗanye Da Saura

A yankinmu na Hotoro a birnin Kano akwai wani shagon kayan masarufi da wata Hajiya ke riƙe da shi, ita da ƙaninta da yara masu awo. Ba zan kama suna ba, domin yabo da suka duk za su fito daga bakina, matar kuwa ba ta ci min komai ba. Abin da ya raba shagon da sauran shi ne tsarin da suke kira katin wata. Ka kai kuɗin abincin gidanka na wata guda, ko ka tura ta waya, sai a raba shi gida biyar a jikin wani kati mai kauri: awo, mai da ɗanɗano, kayan shayi, kayan wanki, sai kayan miya da nama. Kati biyu ake rubutawa, ɗaya a hannunka ɗaya a nasu. Duk abin da ka ɗauka a gidansa ake cirewa, kuma gida ba ya ranta wa gida. In kuɗin kayan shayi ya ƙare ran 20 ga wata, to an gama shan shayi ke nan, ko da akwai dubu 30 kwance a gidan awo. Ba a biyan ko sisi don katin. Ribarsu ita ce a wajensu za ka yi sayayyar.

Ni malamar firamare ce, mu bakwai ne a gida in an haɗa da ƙanwar maigidan da ke karatu a wajenmu. Baban yara yana ba da dubu 150 na abinci duk wata. A da ba haka muke yi ba. Da kaka ta yi zai tafi kasuwar hatsi ta Dawanau ya auno masara da gero da wake na rabin shekara, ya biya kasuwar Singa ya ɗauko taliya da sukari da sabulu, ni kuma in ji da mahaɗi. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023 wannan lissafi ya rushe. Daga Hotoro zuwa Dawanau sai ka keta gari kaf ka hau titin Katsina, in ba buhuna da yawa za ka saya ba, ragin da ka samu mai adaidaita sahu da ɗan dako za su raba. Kuɗin sayen buhunan a dunƙule ma ina yake? A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kuma lokacin da gwamnatin Kano ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 71,000 a ƙarshen shekarar, buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50 ya fi shi tsada. Haka muka koma sayen kwano-kwano, wanda shi ne yake cinye kuɗi ba ka ga inda ya shiga ba.

Rabon da na yi a katin shi ne dubu 60 awo, dubu 25 mai da ɗanɗano, dubu 18 kayan shayi, dubu 9 wanki, dubu 38 miya da nama. Hajiya ba ta tsoma baki a rabo sai ka tambaye ta. Da na tambaya, abu ɗaya ta ce: «Malama, fara cika gidan awo tukuna. Tuwo da miyar kuka ana kwana a kai, amma ban taɓa jin wanda ya kwana a kan madara ba.»

Gidan awo shi ne inda shagon ya fi burge ni, kuma a nan zan daɗe. Yaron da ke awo a gabanka yake yi. Yakan kifa kwanon ya nuna maka gindinsa kafin ya fara, ka gani da idonka ba a bubbuge shi ya shige ciki ba, sannan ya tula har ya yi tozo, ya juye a buhunka yana ƙirgawa da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa sayen gero kwano goma ya zo gida ya sake aunawa ya ga tara da ɗoriya, ya san darajar wannan ɗan kifawar. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma na auna nasu da kwanon gidana, bai taɓa gazawa ba. Shinkafa suna da 'yar Hausa da kuma ta kamfanonin Kano irin su Umza da Tiamin, a buɗe maka buhu ka ɗebi kwanon da kake so. 'Yar Hausar tasu sai an rege, akwai tsakuwa jefi-jefi, amma suna faɗa maka tun kafin ka saya, kuma farashinta ya nuna hakan. Masara a bushe take sosai, tana ƙara in ka damƙa, ba irin wadda ake fitowa da ita da ɗanyenta ka ajiye ta yi fumfuna ba. Wake ne kawai nake sa ido a kai. Daga bazara zuwa damina tsohon wake ne a kasuwa ko'ina, ko dai ya yi ƙwari ko a ji warin magani a jikinsa. Nasu na taɓa samun mai ƙwari, na mayar, aka canza min ba musu, aka gyara katin a gabana.

Farashi dai kada wani ya ruɗe ka, ba su kai Dawanau araha ba, ba su kai Singa ba, tunda can suke sarowa. Sun ɗan fi masu teburin cikin unguwa sauƙi, shi ke nan. Wanda ya zo neman araha zalla ya yi ɓatan kai. Abin da ake saya a wajen Hajiya shi ne katangar da ke tsakanin gida da gida.

Gidan kayan shayi ne ya nuna min amfanin katangar. A gidanmu nan ne ɓaraka take. Madarar leda, sukari, ganyen shayi, Bournvita in an samu sarari, burodi kullum safiya. Kowanne ƙaramin kuɗi ne, shi ya sa ba wanda ke jin zafin fitarsa, sai wata ya raba ka ga kuɗin wake ya tafi a kofi. Da katin, yaro in an aike shi ba zai iya ƙara biskit ko alawa a kai ba, domin ba su da gida a jikin katin, kuma ƙanin Hajiya ba ya jin «Mama ce ta ce». Wani wata gidan shayi ya ƙare da sauran kwanaki, na je da kaina na ce a ɗan taɓo min daga na awo. Hajiya tana zaune a kan kujerar roba tana ƙulla gishiri, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce: «Malama, ai ba ni na hana ba, ke kika hana da hannunki ran 1 ga wata. In kin ce a fasa, a fasa, amma sai kin sa hannu a nan, kuma zan tura wa Alhaji hoton katin kamar kullum.» Kowace Juma'a suna tura hoton katin ta WhatsApp ga wanda ya zuba kuɗin. Na bar mata katinta na dawo gida muka koma koko da ƙosai, gero da wake kuwa akwai su a gidansu. Ba wanda ya rame.

Wannan turawar hoton, in faɗi gaskiya, ta kashe wata rigima da ta fi kuɗin kanta nauyi. Duk matar da ake ba kuɗin wata ta san tambayar nan ta «har ya ƙare?» da irin muryar da ake yin ta. Yanzu amsar tana cikin wayarsa. Sai dai na san gidajen da hakan zai zama wa matar takura, musamman wadda take ɗan tsimi a kuɗin cefane tana zuba adashi ko tana taimakon iyayenta. Wannan ba ruwan shagon, amma kowa ta san gidanta kafin ta ba da lambar maigida.

Gidan mai da na wanki ba su da dogon labari. Man gyaɗa da manja a galan ko kwalba, dunƙulen magi a sinƙi, gishiri, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa. Manjan mai kyau ne, ba ya ɗaci. Daddawar ba ta kai ta ƙauye ba. Sabulu da garin wanki kuwa ko a ina sabulu ne.

Inda tsarin ya gaza shi ne gida na biyar. Kayan miya ba sa zama a kati. Shagon yana sarowa daga kasuwar Yankaba sau biyu a mako, babu wurin sanyi, to in ka zo ranar da kaya suka sauka ka more, in ka zo kwana biyu baya sai ka tarar da tumatir ya saki jiki, attaruhu ya yamutse, alayyafo ya kwanta. Ga mai kayan miya yana wucewa ta ƙofar gidana da kurarsa kowace safiya da sabon kaya, amma kuɗina yana kulle a shagon Hajiya. Naman kuma ba su ke yankawa ba, wani mahauci suke aikawa, don haka ba ka zaɓi, ba ka ciniki, ba gyara. Ni kuwa nama in ban nuna da yatsana na ce a yanko min nan ba, raina ba ya kwanciya.

Bayan haka, farashin kayan miya ba ya bin wata, yanayi yake bi. Lokacin sanyi da tumatirin rani na Kadawa da Kura da Garun Malam ya cika kasuwa, dubu 38 har ragowa take yi. Da zafi ya tsananta zuwa farkon damina sai kaya su ɗauke, kuɗin da ya yi wata ya koma yin mako biyu. In kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta faɗa wa gonaki, kamar yadda ta yi a 2016, sai dai kauɗa da tumatirin leda. Hatsi ma yana hawa da sauka, amma a hankali, daga kaka zuwa damina, mutum na iya hangowa. Tumatir cikin mako ɗaya zai ninka. Adadi ɗaya tsayayye ba zai riƙe irin wannan ba. Ni dai na cire gida na biyar daga katin gaba ɗaya. Kuɗinsa a hannuna yake, na kasa shi huɗu a ambulan, kowane mako da nasa, in tumatir ya yi araha in sayi kwando in yanka in shanya. Hajiya ba ta ji haushi ba, ta ce ba ni ce ta farko ba.

Akwai kuma abubuwan da katin bai san da su ba sam, alhali tukunya ba ta hawa sai da su. Babu gas, babu gawayi. Babu kuɗin surfe da niƙa, wanda duk mai cin tuwo ya san ba ƙaramin abu ba ne, musamman in babu wuta injin ya koma kan dizal. Babu ruwan 'yan garuwa. Babu baƙi, mu kuwa gidan da ake sauka ne in an zo asibiti daga ƙauye. Wanda ya kwashe kuɗin abincinsa kaf ya zuba a katin zai wayi gari da masara kwano goma ba kuɗin kai ta inji. Na fi ganin mutum ya tsame waɗannan tun farko, ya kai wa shagon abin da ya rage.

Sai maganar da ya kamata kowa ya tambaya kafin ya zuba kuɗi: da wane farashi za a ba ni kaya? Amsar ita ce farashin ranar da ka ɗauka, ba na ranar da ka biya ba. A shekara irin 2024 da kaya ke tashi kusan kowane mako, barin kuɗi kwance a katin asara ce, gara ka kwashe awonka a makon farko. Da hatsi ya sauko a 2025 sai abin ya juya, mai jinkiri ya ci riba. Shagon bai ɓoye wannan ba, amma ba a rubuce yake a katin ba, kuma na ga wani dattijo yana ta faɗa da ƙanin Hajiya a kan haka, yana cewa ai ya riga ya biya. Layi ɗaya a bayan katin zai raba wannan gardama. Haka nan ragowar wata tana tsallakawa wata mai zuwa a gidanta, abu mai kyau, sai dai ba na barin ta ta taru. Kuɗin amana ne a hannun mutum ɗaya, shaidarsa kati da hoton waya, kuma mu a Kano mun ga gobarar kasuwa ba sau ɗaya ba. Allah ya kiyaye, amma abin da ya wuce na wata guda ba na bari. In za ka tura ta waya, tura a dunƙule sau ɗaya, tunda duk turawar da ta kai dubu 10 akwai harajin naira 50 a kanta.

Kai kaya gida suna yi da kura in a cikin unguwa ne, kyauta in awo ya kai rabin buhu. Da damina layin shagon yana cika da ruwa, sai a jira. Suna rufewa lokacin sallar Juma'a, kuma daga 28 ga wata zuwa 3 cunkoso ake yi, gara ka je da sassafe.

Gab da azumi Hajiya takan kira masu kati ɗaya bayan ɗaya a sake rabo, domin a watan azumi sukari da gero da wake da mai su ke tashi, shinkafa ta ja baya, burodi ya kusa ɓacewa. Da ta kira ni na sake kawo mata maganar a buɗe gidan gas da gawayi, ko da haɗa kai za ta yi da mai gas ɗin bakin titi. Ta ce: «Malama, wuta da abinci a shago ɗaya? Ki rufa min asiri.» Na ce ba ajiye shi za ta yi ba, rubutawa kawai za ta yi. Ta ce za ta yi shawara da ƙaninta bayan Sallah.