Oxford babba ko ƙaramin ƙamus na aljihu? Amsa kan kalmar confer

Ɗan'uwa, tunda confer ce ta ɗaure maka kai har kake tunanin sayen Oxford Advanced Learner's ko ƙaramin ƙamus na Turanci da Hausa, to ka ɗauki Oxford ɗin kawai.

Nawa bugu na 6 ne, na shekarar 2000. Yayana ya bar mini shi, bangon ma salatif ne ke riƙe da shi. Da aka zo naɗa kawunmu sarauta, ni aka ɗora wa rubuta katin gayyata na Turanci. Ina buɗe confer sai ga hanya biyu a fili, kowace da misalanta. Idan with ya biyo ta, shawara ake nufi, kamar lauya ya roƙi alƙali ya ba shi dama ya "confer with my client", wato su keɓe su yi ƙus-ƙus kafin ya ba da amsa. Idan kuma on ko upon ne, to ana maganar ba mutum abin girmamawa: digiri, sarauta, lambar yabo ta ƙasa irin su MFR da OON, ko ikon da doka ta damƙa masa. Na rubuta "the title conferred on him", wani tsohon malamin Turanci da katin ya isa hannunsa sai da ya aiko a tambayo wanda ya tsara shi. Ranar kaina ya yi girma, ba ƙarya.

Akwai abin da jaridunmu suka saba mana da shi, su ce "he was conferred with a title". Ya zama ruwan dare a Najeriya, amma a ƙa'idar da ƙamus ya bi, sarautar ce ake confer, ba mutumin ba. A jarrabawa ko takardar ofis ka tsaya kan on. Kuma kalma ce ta manya, ta kotu da zauren taro. Ba a confer buhun shinkafa ko kuɗin cefane, wannan give ne. Sai ka lura da wani tarko: a "confer with them on the matter", on ɗin yana nufin "a kan batun", ba kyauta ake ba kowa ba. Wajen rubutu r biyu ne a conferred da conferring, amma guda ne a conference.

Ƙaramin kuwa na taɓa saya, kuɗina ne kawai suka tafi. Fassara tsirara ya ba ni, babu misali ko ɗaya, babu with babu on. Yana maganin kalmar da ta tare ka a hanya, iyakarsa ke nan.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu shimfiɗa littattafai a bakin titi, har da wasu masu shago. Jabun Oxford ya cika kasuwa: takarda shara-shara, rubutu ya dishe, wani sa'in shafuka a tsallake. Wasu tsohon bugu suke sa wa sabon bango. Bugu na 10 a 2020 ya fito, saboda haka ka duba shafin ciki inda aka rubuta shekara. Duk wanda ya hana ka yage leda ka duba kafin ka biya, ajiye masa kayansa ka ƙara gaba. In kuɗin sabo bai kama ba, nemi na hannu mai asali, ko da bugu na 8 ne, zai yi maka aikin.