Na kira masu wanke tankin ruwa: ga yadda aikinsu ya kasance

Masu wanke tanki sun yi yawa yanzu a Kano, kowace katanga ka duba sai ka ga lambar waya. Waɗanda na kira matasa uku ne. Sun zo da tsani, da buroshi mai dogon hannu, da ƙaramin injin zuƙe ruwa, da injin feshi irin na masu wankin mota. Tankuna biyu gare mu: baƙi na roba mai cin lita 2,000 a sama, da na siminti a ƙasa, wanda ruwan burtsatse ke fara zuba a ciki.

Na saman bai ba su wahala ba. Baƙin tanki ba ya barin hasken rana ya ratsa, saboda haka gansakuka ba ta samu wurin zama ba, ɗan yashi ne kawai a gindi.

Na ƙasan ne abin kallo. Da ruwa ya janye sai ga jar laka mai santsi ta kwanta, kaurinta ya kusa tsawon yatsa, ga tsutsotsin sauro suna motsi a kwana, ga mataccen ƙadangare har ya kumbura. Babbansu ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, wannan kuke sha?" Na ce a'a, na wanka ne da wanki da alwala. Ya ce, "To ai da shi ake kuskure baki." Ban sami abin cewa ba.

Sun burge ni wajen kula da rai. Janareto can bakin ƙofa suka ajiye shi, nesa da ramin, kuma duk lokacin da ɗaya ya sauka akwai wani a sama yana kallonsa. Iskar guba da ke cikin hayaƙin janareto ba ta da wari, idan ta taru a rufaffen wuri kwantar da mutum take yi kafin ya ankara. Ba kowane mai wannan sana'a ne ya damu da haka ba.

Inda suka gaza shi ne ɗauraya. Sun zabga sinadarin kulorin da omo kamar ba da kuɗi aka saya ba, sannan suka ɗauraye sama-sama don magariba ta gabato. Washegari uwargida ta buɗe famfo, kumfa da wari, dole muka zubar da cikin tanki guda muka sake tayar da sumo. Lakar kuma a lungu suka juye ta, sai da na je na ba maƙwabci haƙuri.

Murfin tankin ƙasan ya tsage, ta nan ƙurar hunturu da ƙadangaru ke shiga. Sun nuna mini, amma sun ce gyaran ba aikinsu ba ne, sai da na nemo magini daban, ya kuma sa raga a bakin bututun iska.

Kuɗin bai kai abin da muke ba 'yan garuwa a wata guda idan burtsatse ta lalace ba. Zan sake kiransu bayan hunturu, amma da sassafe, kuma sai mun yi magana a kan inda za a zubar da laka kafin mu yi ciniki.