Shekara biyu ina kai Yaya asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati

Kafin mu je asibitin nan babu inda ba mu kai Yaya ba. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an turara hayaƙi har labulen ɗakinsa ya canja launi. Maƙwabciyarmu, wata nas mai ritaya, ita ce ta ce wa Inna a bar jan ƙafa a kai shi asibitin masu taɓin hankali na gwamnatin tarayya. Inna ta yi kwana biyu tana kuka, wai za a ce ɗanta mahaukaci ne.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kuɗin kati da na ganin likita. Ba su kai rabin abin da muka ba mai magani ɗaya a ƙauye ba. Albashin likitoci da nas-nas gwamnati ce ke biya, shi ya sa talaka ke iya shiga. Likitan ya ɗauki kusan awa guda yana tambayar Yaya, ya kuma tambaye ni ni kaɗai: yaushe ya daina barci, yana magana da wanda ba mu gani, akwai mai irin wannan a dangi? Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Har yau in Yaya ya gan shi sai ya miƙe tsaye.

Matsalar tana ɗakin magani. Da farko haloperidol aka rubuta, mai araha ne, amma sai jikinsa ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba. Aka ƙara masa Artane, maganin rage wannan sandarewa da rawar hannu, daga baya aka mayar da shi kan olanzapine. Wannan ya karɓe shi sosai, har ya koma ɗinki a shagonsa. To shi ne kuma sau da yawa za ka kai takarda a ce “babu, ku duba waje”. A kemis farashinsa ya kan ninka, kuma magani ne da ba a tsallake rana. Sau biyu na taɓa sayar da kajina saboda shi.

Na ji a rediyo cewa a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, har da tanadin asusu na musamman. Madalla. Ni dai inda zan gane kuɗin ya iso shi ne ranar da na miƙa takarda aka ba ni magani cikakke a tagar nan.

Layi kuwa, sai haƙuri. In ba ka iso kafin bakwai ba, azahar za ta same ka a benci. Ku tafi da ruwa da abin karyawa, ku kuma riƙe kwalin maganin da ya ƙare, don likita kan tambaya.

Alhamis mai zuwa ce ranarmu. Yaya ya ce wannan karon shi zai biya kuɗin adaidaita.