Raspberry Pi 4 a matsayin sabar gida: abin da na gani bayan shekara biyu ina amfani da ita a Kano

Tun da na fara koyon kodin nake jin ana cewa sai ka taɓa riƙe sabar, wato kwamfutar da ke zama a kunne tana gudanar da manhajoji don wasu su shiga, da hannunka kafin ka gane abin da ke faruwa da manhajarka bayan ka gama rubuta ta, to ni kuma ba ni da katin da zan riƙa biyan kuɗin hayar sabar da dala duk wata, shi ya sa na tara ƴan kuɗin da nake samu a gyaran shafukan mutane na sayi Raspberry Pi 4 mai RAM 4GB. Ƴar kwamfuta ce da ba ta wuce girman katin ATM ba, ƴan Ingila ne suke yin ta, wannan samfurin ya fito a 2019 kuma a lokacin dala 55 ake sayar da mai 4GB ɗin. Mu nan kam sai ka ƙara da kuɗin kawowa da ribar mai shago.

Abin da ya sa na fi son ta a kan tsohuwar kwamfutar tebur shi ne wuta. Idan tana zaune ba ta aikin komai wajen wat 3 take ci, idan ka matsa mata ta kai 6 ko 7, wato ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kai ba. A gidanmu wuta sai ta yi awa goma ba ta zo ba, amma ɗan batirin da nake haɗa rauta da shi yana riƙe su su biyun har dare. Wallahi wannan kaɗai ya isa dalilin saye ga mutumin da ke zaune a irin unguwarmu.

Na sa mata Raspberry Pi OS ba tare da fuskar tebur ba, wato rubutaccen umarni kawai, daga laftof nake shiga ta SSH, hanyar ba wa kwamfuta umarni daga nesa. A kanta na fara sanin Docker da gaske, manhajar da ke gudanar da kowace manhaja a nata keɓaɓɓen akwati, na ɗora Gitea inda nake ajiye kod ɗina, da rumbun bayanai na PostgreSQL, da Nginx a gaba yana tura kowane mai shigowa zuwa manhajar da yake nema, sai Pi-hole da ke tare tallace-tallace a duk wayoyin gidan, wanda ƙannena ma sun lura data ta rage saurin ƙarewa. Duk waɗannan tare suna tafiya lafiya lau, RAM ɗin bai taɓa cika ba.

Sai dai fa ita Pi ɗin kaɗai ba za ta yi maka ba, kuma wannan ne ba a faɗa wa mutane kafin su saya. Na farko caja. Tana son USB-C mai bada 5V da 3A cif, ni kuma da farko cajar waya na soka mata, sai ta riƙa kukan ƙarancin wuta tana rage gudu da kanta. Na biyu zafi. A watan Afrilu da Kano ke haura digiri 40, na duba da vcgencmd measure_temp na ga tana kaiwa 80, wanda daga nan ne take fara rage ƙarfinta don kar ta ƙone, dole na saya mata akwati mai ƴar fanka, kuma lokacin hunturu ina buɗewa in kakkaɓe ƙura duk bayan sati biyu ko uku.

Na uku shi ne wanda ya fi ci min rai. Memori kad na sa mata na araha da na saya a kasuwa, wata rana aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, batirin kuma ya riga ya mutu, da aka dawo da wuta ta ƙi tashi sam. Aikin sati uku na wata manhajar lissafin shago da nake yi wa wani baba a unguwarmu yana ciki, kuma ba ni da kwafi a ko'ina. Ranar ban iya cin abinci ba, don na riga na yi masa alkawarin ranar Juma'a, sai da na je na ce Baba ka yi haƙuri a ƙara min kwana goma. Daga nan na sayi SSD, wato ma'ajiyar bayanai da ta fi kad ƙarko, na haɗa ta USB 3, tunda Pi 4 tana iya tashi daga USB kai tsaye, na kuma rubuta ɗan umarnin cron, mai sa aiki ya gudana da kansa a lokacin da ka tsara, da ke kwafe rumbun bayanan zuwa wani wuri kullum ƙarfe biyun dare. Gudun ma ya bambanta sosai da na kad.

Akwai wani ƙaramin abu kuma, ba ta da agogon ciki mai batir, idan ta tashi babu intanet sai lokacinta ya zama ba daidai ba har sai ta samu hanya ta gyara. Pi 5 da ta fito a 2023 tana da shi. Sannan shiga daga waje, yawancinmu da layin waya muke intanet kuma ba a ba ka adireshin IP naka na kanka, don haka buɗe ƙofa a rauta don a shigo daga waje ba ya aiki, ni Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta intanet kamar suna gida ɗaya, ce ta warware min wannan, yanzu ko ina Zariya ina shiga ta daga wayata.

Tun da firosesarta ARM ce, ba irin Intel ta yawancin kwamfutoci ba, wani lokacin za ka nemi wata manhaja da aka shirya don Docker ka tarar ba a gina ta don ita ba, amma yanzu abin ya yi sauƙi ƙwarai. Idan kuma niyyarka sarrafa bidiyo ne ko gudanar da kwamfutoci da yawa a cikinta, gara ka nemi tsohuwar ƙaramar kwamfutar ofis mai Intel idan kana da sola mai ƙarfi.

Lokacin da na je intabiyu na aikina na farko, tambayar da aka fi daɗewa a kai ita ce me zan yi idan sabar ta faɗi cikin dare. Na ba su labarin kad ɗin nan tun daga farko, da yadda nake duba journalctl, umarnin da ke nuna rahoton abin da ya faru a cikinta, da yadda nake gwada dawo da kwafin duk ƙarshen wata don in tabbatar yana aiki. Mai tambayar ya ce in nuna masa, na ciro waya na shiga Pi ɗin da ke kan durowar ɗakina a gabansa. Wata bakwai ke nan ina aiki da su, ita kuma tana nan a kunne, yanzu ƙanwata ce ke koyon Linux a kanta, na buɗe mata nata asusun ba tare da sudo ba tukuna, wato ba ta da ikon canza komai a tsarin.