Wace A-kori-kura Za Ka Saya? Leƙa Ƙarƙashinta Kafin Ka Kalli Fuskarta

Duk mai gona a bayan gari, ko mai harkar gini, ko mai kai kaya kasuwannin ƙauye, wata rana sai ya gaji da biyan kuɗin shata ya fara tunanin mallakar a-kori-kura tasa ta kansa. Yana son motar da za ta kai yara makaranta da safe, ta ɗauko taki da hantsi, da yamma kuma ta jawo tankin ruwa ko janareta zuwa wurin aiki, ba tare da ta mayar da shi ɗan gida a gareji ba. Ni dai ba zan ɓoye maka ba, Toyota Hilux ce tawa, kuma ina da hujja.

Iyayenmu sun ci moriyar Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya cika ƙasar nan da su. Har gobe za ka ga tsohuwar 504 ta sha lodin itace tana tafiya a karkace, amma tana tafiya. Ƙarfin ƙarfe kaɗai bai kawo ta yau ba. Abin da ya raya ta shi ne babu garin da za ta tsaya a rasa wanda ya san cikinta, babu kuma kasuwar da za a rasa kayanta. Wannan ma'aunin nake ɗora wa kowace a-kori-kura, kuma a yau Hilux ce ta gaji wannan kujera. Ka shiga Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka nemi kulocinta ko lagiretonta, kafin ka rufe baki an ajiye maka sabo da na Beljiyam ka zaɓa. Idan ta tsaya maka a Maigatari ko Illela ko Mubi, yaron bakanike ma ya san inda zai sa hannu.

Tun 1968 ake ƙera ta. A yaƙin Chadi da Libiya na 1987, sojojin Chadi a kan Hilux da Land Cruiser suka fatattaki rundunar da ke da tankokin yaƙi, har duniya ta sa wa faɗan suna Yaƙin Toyota. Amma mai saye a yau tsara biyu ne a gabansa: wadda aka yi daga wajen 2005 zuwa 2015, da 'yan kasuwa ke kira Vigo, da wadda ta biyo bayanta daga 2015, wato Revo. Revo ta fi daɗin zama, ta fi shiru, ta fi kyau a ƙofar gida. Vigo kuwa jakar aiki ce, wayoyinta kaɗan ne, na'urorinta ba su da yawan ƙorafi, kuma kuɗinta bai kai na ƙanwarta ba. Wanda aiki ya kawo shi kasuwa, ba ado ba, Vigo mai giyar hannu nake nuna masa.

Sai maganar inji, inda mutane suka fi rabuwa. Mai fetur, 2.7 ɗin nan da ake kira 2TR, shi ne ya fi yawa a wajenmu. Ƙarfinsa kusan doki 160 ne, sarƙa yake amfani da ita maimakon bel ɗin taimin, kuma yana haƙuri da man da ba shi da kyau sosai. Aibinsa a fili yake: yana shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san zafin hakan. Idan ka ɗaura masa kaya mai nauyi a baya, a hawa sai ya yi ta nishi kana sauko da giya. Masu gas, wato dizal, 2.5 da 3.0 na Vigo, da 2.4 da 2.8 na Revo, sun fi shi ƙarfin ja nesa ba kusa ba, kuma sun fi tattalin mai. Sai dai nozul ɗinsu ba ya wasa da gurɓataccen gas. Jarka ɗaya ta 'yan bumburutu da aka surka da kalanzir ko ruwa ta isa ta jawo maka gyaran da zai cinye duk rarar da ka yi a shekara. Na Vigo kuma bel suke amfani da shi, wanda ake canzawa a kilomita 150,000. Idan ya tsinke a kan tafiya, injin ne ya tafi. Saboda haka idan jan kaya mai nauyi shi ne sana'arka kullum, kuma kana da gidan man da ka amince da shi, ɗauki mai gas. Idan kuwa ja ɗin jefi-jefi ne, sauran lokaci zirga-zirgar gida da gona, mai fetur zai bar ka ka yi barci.

Sauran fa? Mitsubishi L200 tana da arahar saye, amma ranar sayarwa za ka gane dalilin arahar. Isuzu D-Max injinta na gas gangariya ne, kayanta ne sai an aika Legas. Ford Ranger mai 3.2 tana da ƙarfi da daɗin tuƙi, sai dai idan mai juye ya bar ta babu baƙin mai na tsawon lokaci yana hira, famfon manta kan ƙi ɗauka, injin ya ƙone, kuma masu juyenmu hira ce abincinsu. Nissan Navara ta wajen 2005 zuwa 2014 ta yi ƙaurin suna a Turai da ruɓewar shasi. Tundra da F-150 na Amurka za su ja duk abin da ka ɗaura musu, su kuma ja aljihunka zuwa gidan mai. Tacoma 'yar'uwar Hilux ce a suna, amma da yawansu sun sha gishirin da ake zubawa a titunan Amurka lokacin ƙanƙara, har Toyota da kanta ta canza wa wasu shasi saboda tsatsa. Sababbin 'yan China irin su JAC suna da kwalliya, ina jira in ga yadda za su tsufa. Land Cruiser 79 kaɗai nake cire wa hula, ita ce sarauniyar hanyar Agadas, amma kuɗinta na sayen gida ne.

Game da ja, akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Za ka ji an ce Revo mai gas tana jan kilo 3,500. Gaskiya ne ga wasu samfuran, amma da sharaɗin cewa abin da ake ja yana da nasa birkin. Ƙaramar tirelar da mai walda ya haɗa maka a unguwa ba ta da birki, kuma iyakar irin wannan kilo 750 ne. Tankin ruwa mai lita 1,000 kuwa tan guda ne cur, ban da nauyin ƙarfen da ke ɗauke da shi. Motar za ta ja, wannan ba matsala ba ce. Tsayawar ce abin tsoro. Wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo da kaya a baya ya san ƙamshin birkin da ya ɗau zafi. A gangara giya ake saukowa da ita, injin ya riƙe motar. Ƙugiyar ja a jikin shasi ake ɗaure ta da kusoshi masu ƙarfi, ba a liƙa ta a bamba da walda, a kuma haɗa da sarƙa ko da za ta kwance. Nauyin kaya ya fi karkata gaban tirelar, domin idan ya taru a baya za ta riƙa kaɗa wutsiya har ta juya motar. Bodin kansa kimanin tan guda yake ɗauka, wato buhu goma na masara ko ashirin na siminti, har da nauyin mutanen da ke ciki. Masu ƙara ganyen sifirin don su loda buhu ashirin daga Dawanau sun ƙara wa sifirin ƙarfi ne kawai, birki da boris da taya suna nan yadda kamfani ya yi su.

Duk wannan kwatance ba zai amfane ka ba idan motar da aka miƙa maka ba ita ce ake faɗa ba, kuma farin jinin Hilux ya sa babu motar da ake yi wa ha'inci kamarta. A nan aka taɓa ƙona ni, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Wani dillali ya kawo mini fara sol, tana sheƙi, yana ta rantsuwa: "Alhaji, wallahi wannan daga jirgi sai hannunka, ko ƙurar Najeriya ba ta sha ba." Ba a daɗe ba sitiyari ya fara wasa a hannuna a kan babban titi, iyalina suna ciki. Da bakanikena ya shiga ƙarƙashi da tocila, sai ya kira ni ya ce, "Maigida, zo ka ga ikon Allah." A bangon da ya raba inji da wurin zama, ta ɓangaren dama, ga facin ƙarfe an liƙe da walda an shafe da baƙin fenti. Sandar sitiyarin an yanke ta an yi mata ƙari. Bututun birki an tanƙwara shi da hannu an jawo shi hagu. Motar mai tuƙin dama ce aka juya. Wanda ya yi wannan aikin ya san rai zai hau, ya kuma karɓi la'adarsa ya tafi.

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, doka kuma ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Su kuwa Thailand da Ingila da Japan da Afirka ta Kudu, inda Hilux ta yi yawa, a dama sitiyarinsu yake, shi ya sa ake kwaso su da araha a juya. Alamomin ba sa ɓuya ga mai natsuwa. Kunna waifa ka gani: idan ta bar kusurwar gilashin da ke gaban direba ba ta share ba, ta fi share ɓangaren fasinja, akwai magana. Duba sandar sigina ko tana dama. Ɗaga kafet ɗin gaban fasinja ka nemi ramukan da aka toshe inda totur da birki suke a da. Leƙa bayan dashbod, wayoyin da aka yanka aka naɗe da salatif za su ba ka labari. Lambar shasi da ta fara da MR0 ta Thailand ce, AHT ta Afirka ta Kudu, amma wannan kaɗai ba hujja ba ce, tunda can ma suna ƙera masu sitiyarin hagu don fitarwa waje.

Ha'inci na biyu shi ne canjin fuska. A ɗauki Revo ta 2016 a sa mata bamba da fitilu da ragar gaba irin na 2021, a sayar da ita da kuɗin sabuwa. Haka ake yi wa Vigo ta farko a mayar da ita kamar ta 2012. Idan an faɗa maka gaskiya ka saya da saninka, babu laifi. Idan ba a faɗa ba, jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, akwai ɗan ƙyalle a gindinsa da ke ɗauke da shekarar da aka yi shi, kuma masu kwaskwarima kan manta da shi. Mitar tafiya kada ka ba ta gaskiya ko kaɗan, mayar da ita baya aikin minti kaɗan ne. Robar feda da ta suɗe, da sitiyarin da ya yi santsi, da kujerar direba da ta lotsa, su ne shaidu na gaskiya.

Akwai kuma waɗanda ambaliya ta cinye a ƙasar waje aka wanke aka turo: za ka ji warin danshi, ka ga tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera da laka a lungun da hannun mai wanki bai kai ba. Akwai na gwanjon ma'aikatu da kamfanoni, waɗanda direbobi goma suka yi wa hawan ƙawara aka fesa musu fenti. Akwai na sata, domin ɓarayin mota suna son Hilux kamar yadda muke son ta. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 dole ta zama iri ɗaya a jikin ƙarfen, da a farantin jikin mota, da a takarda; idan ka ga alamar an goge wurin ko an yi walda kewaye da shi, juya ka tafi ko nawa aka rage maka. Takardar kwastan kuma ka kai ta ofishinsu da ƙafarka a tantance. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka 'yar Kwatano mai takardar bogi tana iya zama ta kwastan a shingen farko da ka tarar. Bakaniken da zai duba maka motar ya zama naka, kai ka ɗauko shi kai za ka sallame shi, ba wanda dillali ya ce "ga wani nan kusa" ba. Ku je da sassafe injin yana sanyi, ku tayar da shi a gabanku, ku kalli hayaƙin farko. A gwada ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, a kan ƙasa ko yashi a tabbatar tana shiga tana fita, domin da yawa sandar ce kawai ta rage, an cire farfelar gaba, ƙarfen da ke kai ƙarfin inji tayoyin gaba.

Bayan ta zama taka, 'yan jabu ba su ƙyale ka ba. Filtar mai da kayan birki masu kwalin Toyota sun cika kasuwa, da yawansu kwalin ne kawai na gaske a ido. Baƙin mai ma ana ɗura tsohon da aka tace a sabuwar galan. Ka riƙe shago ɗaya da ka yarda da shi ko da ya fi tsada. Taya kuwa ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma tayar da ta tsufa a ajiye tana fashewa ne a zafin Afrilu ko da zanenta bai cinye ba. Ka nemi mai alamar LT ko C, wadda aka yi don kaya.

Da ƙurarmu da zafinmu, juye a kowane kilomita 5,000 shi ne kwanciyar hankali, filtar iska kuma a riƙa duba ta sosai lokacin hunturu. Kada ka yarda a cire maka tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi, kada kuma a cika lagireto da ruwan rijiya, gishirinsa ke toshe hanyoyin ruwa. Mai gas ya riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filtar gas. Ogzilari ba ta hawa busasshiyar kwalta. Idan damina ta sa ka ratsa ruwa mai zurfi, a duba man aksil ko ya koma fari kamar madara, a kuma sa wa farfela giris kafin ka sake ɗaukar kaya.