Safaya tana kwaram-kwaram a but: kusa ko bel?

Salam 'yan uwa. Ɗan uwanmu mai Golf 3 ya yi tambaya jiya, wai abin da ke riƙe safayarsa a cikin but ya ɓata tun wajen wanda ya sayar masa da motar, yanzu duk gargadar da ya shiga sai ya ji tayar tana dukan bodi, to ya nemo kusar tsakiya irin ta asali ne ko kawai ya ɗaure ta da bel ɗin ɗaure kaya? Malam duka biyun na yi su a ƙananan motoci, ga abin da na gani.

Da farko ka sani Golf 3 ba kamar mota mai but daban ba ce, tsakanin safayar nan da yaranka da ke zaune a baya babu komai sai jinginar kujera. Taya mai wilin ƙarfe inci 13 ko 14 ta haura kilo 10, kuma in aka yi taho-mu-gama ko motar ta wuntsila, Allah Ya kiyaye, ba za ta zauna a raminta ba don kafet ya rufe ta. Ni wannan ne ya dame ni fiye da ƙarar.

Kusar tsakiya ita ce aikin kamfani. Tana bi ta cikin wilin ta danne shi a ƙasan ramin, tayar ba ta hawa sama ba ta zuwa gefe, kuma da hannu kake kwancewa ba sai da sifana ba, wanda duk wanda faci ya taɓa kamawa da daddare a hanyar Kano zuwa Katsina ya san darajar wannan. In kana Kano ka leƙa Ƙofar Ruwa, in Kaduna ne Panteka, masu yanka tsofaffin motoci suna da ita. Amma ka je da motar ka gwada a gabansu, don tiredin, wato zaren jikin kusar, ba ɗaya ba ne a kowace mota, in ka tilasta wadda ba tata ba sai ta cinye na ƙasan ka koma gidan jiya. In ba ka samu ta asalin ba, doguwar kusa mai tiredi daidai da babban washa mai faɗi ta wadatar, ka sa guntun roba tsakanin washan da wilin don kada ya riƙa ƙara.

Matsalarta ɗaya ce, kuma babba ce. An daina ƙera wannan samfurin a Jamus tun wajen 1997, kenan motarka ta haura shekara 25, kuma ramin safaya shi ne wurin da ruwa ke kwanciya in robar ƙofar but ta mutu ko ta fitilar baya tana yoyo. Ka ɗaga tayar ka danna ƙasan da sukundireba. In tsatsa ta ci wurin har yana ɓurmawa to kusar ba abin da ta kama, ado ce kawai, dole sai mai walda ya sa sabon faranti da noti. Nan ma don Allah ka tsaya a kansa, tankin mai da bututan mai suna nan kusa a ƙarƙashin bayan motar, kada ya kunna wuta sai ya leƙa ƙasa ya kare su. Na taɓa ganin wanda aka huda masa ƙasan but da diril ba a duba ba, sai warin fetur ya biyo baya.

Shi kuma bel, ina nufin mai ƙarfen ja da ƙugiya biyu irin na masu a-kori-kura, yana da ƙarfi sosai, ba ruwansa da tiredi, a yau za ka saya ka ɗaura. Sai dai ƙarfinsa iya ƙarfin abin da ka maƙala shi ne. In ka samu zoben ƙarfe ko rami a jikin bodi mai kauri, ka ratsa bel ɗin ta cikin wilin ba ta saman tayar kawai ba, ya yi. In a robar gefe ko ƙarfen kujera mai motsi ka maƙala, ba ka yi komai ba. Sannan yana saki a hankali, sai ka riƙa ƙara ja, kuma yana hana kafet kwanciya daidai in za ka loda buhu.

Robar tsohon tub da wasu ke naɗawa kuwa ban sa ta a lissafi ba, tana kashe ƙara ne kawai, zafi yana tsinka ta.

To ni in tawa ce, ƙasan ramin lafiya lau, kusa zan saya. In ya ruɓe, bel na sati biyu kafin na je wajen mai walda. Kuma tunda ka fito da tayar, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta, misali 2318 yana nufin an ƙera ta a sati na 23 a 2018, ka kai wa mai faci ya auna iskar, jak da sifanar taya su ma ka naɗe su a tsumma ka cusa cikin wilin, don sau da yawa rabin ƙarar da kake ji tasu ce.